Tocila a Ramin Dusa

Luan Maotang bai iya ƙarya ba. Ba wai kirki ne ya yi masa yawa ba, kansa ne ba ya ɗaukar zance biyu lokaci guda. Amma a daminar da matarsa ta mutu sai da ya ƙera ƙarya guda, ya bi ƙauye gida-gida yana ɗora mutane a kanta: in 'yarsa Ailian ta tambaya, uwarta a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi, zuciya ce ta tsaya. Kada wanda ya ambaci rami. Kada wanda ya ambaci tocila.

Ga yadda aka yi.

Shekarar da aka raba gonaki kowa ya kama tasa, Maotang ya sayi saniyar tatsa guda ɗaya. Duk bayan kwana uku yakan ɗaura wa jaki amalanke ya tafi kamfanin giya na bakin teku, ya bi layi, a loda masa dusar sha'ir da aka tace aka gama da ita. Da zafinta take fitowa, tana tururi, tana ƙamshi kamar sabon burodi. Saniya in ta samu wannan, sai hannu ya gaji da tatsa. Aibin dusar ɗaya ne: jiƙaƙƙiya ce, kwana uku cikin zafi ta yi tsami ta yi tsutsa. Kuma da damina ne take yawa har a rasa mai kwasa, da sanyi kuwa sai mai hanya.

Sai Maotang ya yi dabara. Bayan gidansa akwai ramin ajiyar dankali irin na kowane gida, baki kamar rijiya, zurfi gaba uku, can ƙasa ya buɗe kamar ɗaki. Da damina ba komai a ciki. Shi da matarsa suka zuba amalanke shida, suka tattake da ƙafa, suka barbaɗa gishiri, suka lulluɓe da tabarma, suka mayar da murfin katako. Abincin sanyi ke nan. Har a bakin rijiya sai da ya yi wa mutane alfahari da wannan dabara.

A ƙauyen, ba a shiga rami haka kawai. Ka kunna fitilar mai, ka ɗaura mata igiya, ka zura ta ƙasa, ka zauna ka sha taba lofe guda, sannan ka leƙa. In tana ci, ka sauka. In ta mutu, iskar ciki ta ɓaci, kai ma in ka shiga haka za ka mutu. To amma shekara talatin a gidan Luan fitila ba ta taɓa mutuwa ba. Abin da bai taɓa faruwa ba kuwa, mutane kan riƙe al'adarsa su yar da dalilinsa. Yara suka tashi suna zaton don haske ake yi. Ailian ma haka ta zata. Abin da ta sani kawai, gashin goshin uwarta kullum a babbake yake, don fitilar takan lashe shi in ta duƙa. Da ta samu aiki a masaƙa a birni, albashinta na farko tocila ta saya, fara ƙal, mai cin batir uku.

Uwar ta kusa zautuwa don murna. Ta ɗaura mata jan zare. Da rana tsaka sai ka gan ta tana haska wa kaji ido.

Kwana ashirin da rufe ramin, layin kamfani ya yi tsawo, Maotang ya yi jinkiri. Dusar waje ta ƙare, saniya na ta kuka. Matar ta ɗauki kwando ta rataya tocilarta. Tana da haske, me za ta yi da fitila?

Da ya dawo rana ta karkata, murfi na gefe. Ya leƙa. Haske ya gani can ƙasa, fari tas, yana dukan bango, kusa da shi tafin ƙafarta. Ya riga ya sa ƙafa a tsani sai Gurgu Mou, maƙwabcinsa mai yin kayan takarda da ake ƙona wa matattu, ya maƙalo wuyansa da lanƙwasar sandarsa, suka zube tare. Mou ya zura fitila, ba ta yi gaba guda da rabi ba ta mutu. Da ƙugiyar ciro guga suka jawo ta. Tocilar na wuyanta, tana ci abinta. Maotang ya datse zaren da lauje, ya cusa ta cikin rufin garken saniya.

Mou ne ya ce, "Yaya, in yarinyar nan ta ji da me uwarta ta shiga, kabari biyu za ka haƙa."

Aka buga wa Ailian waya, ta zo, aka yi jana'iza, ta koma, don kwana uku kawai masaƙa ta ba ta. Kuka bai bar ta ta tambayi komai ba. Amma ranar talatin da biyar da mutuwar dole ta dawo. Kowa ya san mamaci duk kwana bakwai yakan tsaya gaban alƙali guda a can ƙasa, na biyar ɗin shi ne mai baƙar zuciya. Sai dai yana da 'ya mace. In ya jiyo kukan 'ya mace a bakin kabari, jikinsa kan yi sanyi ya bar mamaci ya wuce. Shi ya sa ranar ta 'ya ce, ba ta miji ba, ba ta ɗa ba.

Saura kwana uku ta sauko daga mota, da farin ƙyallen makoki ɗinke a bakin takalminta. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce garke.

"Baba, me ya sami saniyar nan? Haƙarƙarinta kamar tsani."

"Kewa take."

"Kewa ko yunwa? Yaushe rabonka da kamfani?"

"Jaki ne ya gurɗe."

Jakin na tsaye a kan ƙafa huɗu lafiya lau yana korar ƙuda. Ta dubi jaki, ta dubi ubanta.

"To dusar da kuka tara a rami fa? Inna ta sa an rubuto mini, wai amalanke shida."

"Ta sanyi ce. Kada ki je wurin."

"Kafin sanyi ai saniyar ta zama fata."

"Na ce kada ki je!"

Ta juya ta shiga ɗaki. Ta san shi, in ya yi tsawa an gama.

Da yamma ta dama kunun gero, ta ɗumama wainar masara, ta yanka albasa. Suka zauna a gadon ƙasa, ƙaramin tebur a tsakani, kwano na uku a wurin da uwar ke zama. Sai ta sa hannu a aljihu ta jera batir uku a teburin, sababbi, da takardarsu.

"Ina tocilar Inna? Na duba akwatinta ban gani ba."

"Ta ɓata."

"Ta ɓata kamar yaya? Matar da ke kwana da ita ƙarƙashin matashi?"

"Cikin hidimar mutuwa wa ya san wanda ya shiga ya fita."

"So nake in binne mata ita a gefen kabari. An ce hanyar can duhu ce. Ka san Inna, ko bayan gida ba ta zuwa sai ta tashe ni."

Maotang ya kurɓi kunu, ya ƙona masa baki, bai sauke kwanon ba.

"Baba."

"Mm."

"Tana sonta kuwa? Ko faɗa kawai take don in ji daɗi?"

"Tana so," in ji shi. Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ta fi ƙaryar wuyar fita. "Kaji ma sun gaji da ita."

Ailian ta yi dariya, hawaye na zuba cikin kunu. "Gara da na saya. Ka san 'yan ɗakinmu cewa suka yi in sayi takalmi? Da yanzu ina nan ban taɓa ba ta komai ba."

Ya tashi ya ce zai dubo saniya. Ya daɗe a garke. Bai ɗaga kai ya dubi rufi ba.

Washegari suka tafi gidan Gurgu Mou karɓo kayan da za a ƙona. Mou na zaune cikin karan dawa da ƙullun manna takarda, ƙafarsa mai lahani a miƙe. Ya riga ya gama akwati biyu, da tukunya, da furanni, da kujera.

"A'a, 'yar birni! Zo ki ga kujerar uwarki. Shekara talatin tana auren wannan mai kan dutsen bai taɓa ce mata zauna ba, to ni na zaunar da ita."

"Gurgu, bakinka ya fi ƙafarka sauri," in ji Maotang.

"Dole, ɗaya ya biya wa ɗaya."

Ailian ta shafa kujerar. "Baffa, saura abu guda. Tocila za ka yi mini."

Almakashin hannun Mou ya tsaya.

"Tocila?"

"Irin wadda na saya mata. Ka san ta ai."

"Wa bai san ta ba, ni ma an haske mini ido da ita." Ya dubi Maotang. Maotang na kallon bango. "To, 'yata, ni ban iya kayan zamani ba. In na yi miki, uwarki za ta zata muciya aka aiko mata."

"Baffa, mutumin da ya yi wa tsohon mai gari keke har da ƙararrawa?"

"Wannan keken ai har yau mai shi yana zuwar mini a mafarki, wai ba birki." Ba wanda ya yi dariya. Mou ya share hannu a wando. "Fitila zan yi mata. Fitilar mai, da lagwani. Ita aka sani a can."

"Fitilar da ta cinye mata gashi? A'a. Tocila."

"Yi mata abin da ta ce," in ji Maotang.

"Yaya..."

"Na ce yi mata. Takarda ce."

Da Ailian ta fita da akwatunan, Mou ya kama masa gefen riga. "Hannuna ba zai yi ba. Ni na ga abin nan yana ci a ƙirjinta."

"Ka rufe ido ka yi."

"Ka cike ramin nan da ƙasa, Yaya. Tun yaushe nake gaya maka."

"In cike amalanke shida? Ƙafarta ce ta tattake su."

"To ka zauna. Kai da dutse uwarku ɗaya."

Ana gobe talatin da biyar, bayan abincin rana, Maotang ya ɗauki fartanya ya tafi nome ciyawar da ta fito a kabarin. Damina ba ta jin kunyar kowa, wata guda ta mai da sabon kabari kamar tsohon. Ya gama, ya ƙara ƙasa a inda ruwa ya zaizaye, ya kamo hanya. Tun daga bakin lungu ya lura da abu guda: saniya ba ta kuka. Takan yi shiru ne kawai in ta ji ƙarar kwandon dusa.

Ya yar da fartanya.

Murfi na gefe, dutsen da ya danne shi an mirgine. Ailian ta riga ta shiga zuwa ƙugu, kwando a kafaɗa, tocila a wuya. Ta ƙulla jan zaren a inda lauje ya datse. Tana ganinsa ta ɗaga ta da murna.

"Baba, ka ga! A rufin garke, ina neman inda kaza ke ƙwai. Inna ce ta ɓoye don kada maƙwabta su ara, na san halinta. Na sa batir, tana..."

Bai tsaya magana ba. Gashinta ya kama da wuyan riga, ya fizgo ta kamar buhu. Gwiwarta ta daki bakin ramin, suka faɗi cikin laka. Yana riƙe da ita, ya kasa saki.

"Baba! Ka haukace? Sake ni! Kwando guda kawai zan ɗebo mata."

"Ba ki shiga."

"Saboda me? Tun ina shekara takwas nake shiga ramin nan."

"Ba ki shiga."

"To gobe fa? Jibi fa? Ba ka da ikon tsare ni kullum. Saniyar Inna ba za ta mutu a gabana ba, da abinci a ƙarƙashin ƙafarta. Ko ka ba ni dalili, ko in jira ka yi barci."

Ya dube ta. Za ta aikata, jininsa ce. Ya nemi ƙarya ta biyu a kansa, bai samu ba. Guda ɗaya ya iya.

"Zauna nan," ya ce. "Kada ki motsa."

Ya shiga ɗaki ya fito da fitilar, ta yi ƙura. Ashana uku ya karya kafin ta kama. Ya ɗaura igiya, ya durƙusa a bakin ramin.

"Zo ki leƙa."

Ta matso. Ya riƙa sakin igiya sannu-sannu. Fitila na juyawa, tana haska matakan tsani. Gaba guda. Harshen wutar ya yi ja, ya tsuke, ya kwanta. Ya ƙara saki kamu biyu. Ta mutu. Ba iska, ba ruwa, ba wanda ya hura. Ɗan hayaƙi ya taso, da ƙamshin dusa mai tsami-tsami, mai daɗi.

"Mai ne ya ƙare," in ji ta.

"Cike take. Dusa ce ke numfashi. Ta cinye iskar. Mutum in ya kai inda fitilar nan ta kai, ba ya ko ihu." Ya nuna mata fitilar. "Ba don haske ake zura ta ba. Ba a taɓa yi don haske ba."

Ailian ta ƙara duƙawa. Tocilar na wuyanta a kunne tun ɗazu, tana lilo, haskenta na sauka cikin ramin, ya wuce matacciyar fitilar, ya kai har ƙasa, ya kwanta a kan tabarma. A can gefe akwai wani kwando a kife, da takalmi wari guda.

Ta daɗe tana kallon takalmin.

"Ba a tsakar gida ta faɗi ba."

"A'a."

"Da fitila ta shiga?"

Ya soma jawo igiyar fitilar.

"Baba, da me ta shiga?"

"Ni na kawo dusar," ya ce. "Ni na ce a zuba a rami. Ni ne ban dawo da wuri ba. Ni ne shekara ashirin kina tsaye a bayana ina zura fitila ban taɓa buɗe baki na ce miki ga dalili ba. In kina neman mai laifi, ga shi a gabanki."

"Da me ta shiga?"

"Da ita," ya ce, idonsa a kan tocilar.

Ta sa hannu biyu ta zare zaren daga wuyanta a hankali, kamar mai cire maciji mai barci. Ta kashe tocilar, ta ajiye a ƙasa, ta goge tafin hannunta a cinya. Ta sake gogewa.

"Duk ƙauye sun sani?"

"Sun sani."

"Baffa Mou ma. Ina ta roƙonsa." Ta ɗaga ido. Idon a bushe yake. "Da ka bar ni na sauka, Baba."

"Rufe mini baki."

"Da ka bar ni."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ta. Hannun ya tsaya a sama, bai san inda zai sa shi ba, ya dafa kanta. Ba ta kauce ba, ba ta kuma jingina ba. Saniya ta soma kuka.

Da safe dangi suka taru a bakin kabari. Aka jera abinci kwano biyar, aka zuba giya a ƙasa, aka tara kayan takarda. Mou ya zo yana dogara sanda, ba tocila ba fitila, kuma ba wanda ya tambaye shi. Aka cinna wuta. Kujera ta kama, furanni suka kama. Mata suka ja baya suka bar wa Ailian gaba, don yanzu ne uwarta ke tsaye gaban alƙali na biyar.

Ta durƙusa. Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Wata goggonta ta zungure ta. "Yi mana, 'yar nan. Yana sauraro."

Ta sake buɗe baki, wuyanta na motsi, sai iska kawai.

"Kira ta. Ce Inna. Wuta na cinyewa, Ailian, in ta mutu an rufe ƙofa."

"Da wane baki?" in ji ta, can ƙasa-ƙasa. "In ya ji muryata ai ya san ko ni wace ce."

Akwati na biyu ya rufta. Saura tukunyar takarda, ita ma gefenta ya baƙanta. Matan suka soma duban juna.

Namiji ba ya kuka ranar talatin da biyar. Ba a yi, kuma ba ya amfanar mamaci. Maotang ya san haka sarai. Ya tako ya zube a gefen 'yarsa, ya kifa goshi a ƙasar da ya tara jiya, ya matse muryarsa iya matsewa don ta yi siriri, ko alƙalin zai ruɗe. Abin da ya fito ba kukan mace ba ne, ba na namiji ba, wani ƙugi ne mai kaushi kamar ana jan katako a kan dutse.

"Inna!" yake kira. "Inna, wuce! Ku bar ta ta wuce!"

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta toshe masa baki. Mou ya juya baya. Maotang bai daina ba har wutar ta zama toka, Ailian na durƙushe kusa da shi, bakinta a buɗe.